Tari a Cikin Gida: A Ƙirga Kwanaki, A Ƙirga Numfashi



Duk mai halartar sallar asuba a watannin hunturu ya san da wuya liman ya kai ƙarshen karatu ba a ji tari ya tashi daga sahu biyu ko uku ba. Haka abin yake a zauren makarantar allo, da ajin boko, da cikin motar da ta taso daga Damagaram za ta Yamai da tagogi a rufe saboda sanyi. Yawan jin sa ya sa kunnuwanmu sun daina kula da shi, sabo kuwa turken wawa ne. Gaskiya ne mafi yawan tari yakan tafi da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma a cikin wannan tari mai yawa akwai kaɗan da ke yin sallama a madadin cuta mai kisa, kuma a kunne ba su da bambanci da sauran. Abin da muke son nunawa a wannan fitowa shi ne, mai gida da uwar gida ba sa bukatar karatun likita kafin su gane lokacin da ya wajaba a tashi a nufi asibiti. Abu biyu ake ƙirgawa: kwanaki ga babba, numfashi ga yaro.

Yadda tari ke aukuwa

Tari aikin tsaro ne da jiki ke yi wa huhu. Hanyar iska, tun daga maƙogwaro har zuwa ƙananan rassan da suka ratsa huhu, a shafe take da wani siririn yauƙi mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinsa akwai gashi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke kaɗawa dare da rana suna turo dattin sama, mu haɗiye shi ba tare da mun sani ba. Idan dattin ya yi yawa, ko wani abu ya sosa hanyar, jijiyoyi sukan kai labari ƙwaƙwalwa. Nan take mutum ya ja dogon numfashi, ƙofar maƙogwaro ta rufe, tsokokin ciki da na ƙirji su matse iskar, sannan ƙofar ta buɗe farat ɗaya, iska ta fito da ƙarfi ta kwaso abin da ta tarar. Shi ya sa tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki har ba ya iya yin tari sosai, ya fi kowa faɗawa ciwon huhu, domin kaki da ɓurɓushin abinci suna taruwa masa. Wanda ya dage sai ya kashe tari alhali bai nemi dalilinsa ba, ya yi kama da mai ɗaure bakin kare don haushi ya hana shi barci, ɓarawo kuwa yana bisa katanga.

Likitoci sukan raba tari gwargwadon daɗewarsa. Wanda bai kai mako 3 ba sabo ne, wanda ya wuce mako 8 ga babba, ko mako 4 ga yaro, ya zama daɗaɗɗe. Sai dai a ƙasashenmu akwai wata iyaka da ta riga waɗannan, wato mako 2, kuma za mu zo kan dalilinta.

Mura, ƙura da hayaƙi

Mafi yawan sabon tari daga mura ne, ita kuwa mura ƙwayar bairas ke kawo ta. Magungunan nan masu kashe bakteriya, irin su amoksisilin da mai talla ke ƙirgo wa mutum guda huɗu daga faranti, ba su da iko a kan bairas ko kaɗan. Wanda ya sha ya warke bayan kwana biyar, da ma zai warke. Abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne ya koya wa bakteriyar da ke jikinsa yadda za ta jure maganin, ta yadda ranar da ɗansa zai bukace shi da gaske sai a tarar ƙarfinsa ya ragu.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata kaso. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Tana busar da hanci da maƙogwaro, tana tayar da asma. Kakanninmu da suka ja amawali suka rufe hanci ba ado kaɗai suke yi ba.

Amma hayaƙin da ya fi cin mutanenmu yana cikin gida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020. Mu dubi matar da ke tuƙa tuwo a ɗakin girki marar taga, da ɗanyen icce, ga goyo a bayanta. Ita da jaririn suna shaƙar wannan hayaƙi sau biyu ko uku kowace rana, shekara da shekaru, har ta kai hamsin tana fama da tari da haki irin na mashayin taba alhali ba ta taɓa riƙe kara ba. Mu maza mukan zauna a zaure muna jiran akushi, ba mu cika tunanin wannan ba, alhali fasa taga a madafa, da sayen busasshen icce ko murhu mai tattalin makamashi, ko tukunyar gas ga mai hali, duk a wuyanmu suke. A haɗa da turaren wuta da ake turnuƙe ɗakin jariri da shi, da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da aka kulle. Taba da shisha kuwa ba sa bukatar dogon bayani: suna kashe gashin nan masu share huhu, kuma tarin mashayin taba idan ya sauya salo ko ya zo da jini, dole a binciki ciwon daji.

Kwalbar siro da askar wanzami

Abu na farko da yawancinmu ke yi idan yaro ya fara tari shi ne aika a sayo siro. Binciken likitoci bai nuna cewa waɗannan kwalabe suna gajarta tarin ƙananan yara ba, haɗarinsu kuwa an gan shi da ido. A shekarar 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya sakamakon lalacewar ƙoda, kuma a watan Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan siro huɗu da aka shigo da su daga Indiya, waɗanda aka tarar sun gurɓata da sinadaran da ake sa wa man birki da ruwan sanyaya injin mota. A 2023 hukumar ta sake irin wannan gargaɗi kan wani siro mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru. Sai kuma siro mai kodin, wanda bai dace da yaron da bai kai shekara 12 ba, wanda kuma ya zama abin maye ga samari da matan aure, har gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Idan kwalabe na yawan ƙarewa a gida ba a jin mai tari, lalle akwai abin tambaya.

Abin da ke taimakon mai mura yana cikin gidajenmu: ruwa mai ɗumi a kai a kai, shayin citta da lemun tsami, hutu, share majina daga hancin yaro da ɗigon ruwan gishiri mai tsabta, da ci gaba da shayar da jariri nono. Ƙaramin cokali na zuma kafin barci yana sassauta tarin dare. Sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko ta lasa ce, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri ba ya iyawa, ta shanye masa jiki har numfashi ya gagara.

Game da cire beli, muna girmama wanzamai da daɗewar sana'arsu, amma gaskiya ɗaya ce. Beli halitta ne a jikin kowa, kumburinsa lokacin mura alama ce ta ciwon, ba shi ne tushen tarin ba. Yanke shi yana jawo zubar jini, da sandarewar jiki ta tetanus, da ciwon hanta idan an yi wa yara da yawa da aska ɗaya. Mafi muni shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana jiran miki ya warke, alhali ainihin ciwon yana cikin ƙirji yana ci.

Minti ɗaya a kan ƙirjin yaro

Ciwon da muke tsoro ga yaro shi ne namoniya, wanda mukan kira ciwon haƙarƙari. A 2019 ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 740 a duniya. Yakan fara kamar mura, sannan ƙananan buhunan iska na huhu su cika da ruwa da mugunya, yaro ya koma numfashi da sauri don ya cike giɓi.

Ga yadda uwa za ta gane. A jira yaro ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga rigarsa, a dubi agogo, a ƙirga sau nawa cikinsa ya taso a cikin minti ɗaya cikakke. Ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Idan an kai wannan adadi, ko aka ga ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to a tafi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe ko sai mai gida ya dawo daga kasuwa. Idan kuwa ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. A nan ne amoksisilin ke aikinsa, da awon da ya dace da nauyin yaron, har a cika kwanakin da aka rubuta. Muna roƙon magidanta su ba iyalansu izini tun yanzu, a fili, cewa duk ranar da suka ga haka su fita ba sai sun jira su ba.

Tarin shiƙa, wanda ke zuwa a jere har yaro ya shiɗe ya yi amai, da ƙyanda mai farawa da tari da jan ido, duka suna da rigakafi: allurar mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. Yaron da ya sarƙe da tari farat ɗaya yana cikin cin gyaɗa ko aya, ba zazzaɓi ba mura, a ɗauka wani abu ya faɗa masa hanyar iska ko da tarin ya lafa daga baya, a kuma faɗa wa likita haka.

Tarin da tushensa ke wani wuri

Akwai wanda ya kamata kowace uwar miji da kowace ungozoma su sani. Mai jego da ta fara tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta ɗan taka, mai yiwuwa zuciyarta ce ta raunana har ruwa ya taru a huhu. Likitocin Zariya tun shekarun 1970, da na Yamai daga baya, sun rubuta cewa wannan ciwo ya yawaita a ƙasar Hausa fiye da galibin sassan duniya. Gishirin da ke cikin kunun kanwa yana ƙara tara ruwa a jikin irin wannan mata. Kada a ce sanyi ne ya kama ta a ƙara mata ruwan zafi, a kai ta a duba zuciya.

Dattijon da ya fara busasshen tari bayan an sa shi a kan maganin hawan jini, ya duba kwalin. Idan sunan maganin ya ƙare da "pril", kamar Captopril ko Enalapril, wataƙila shi ne dalili, kuma likita zai iya musanya masa da wani, amma kada ya daina sha da kansa. Ƙwannafi ma yana sa tari, musamman ga mai cika ciki ya kwanta nan take. Asma kuwa takan zo da tarin dare da na asuba da shesshekar ƙirji, kuma abin shaƙa da ake rubutawa ba ya kama mutum kamar yadda ake yaɗawa. A nan akwai ruɗani a harshenmu, domin wasu sukan kira asma fuka, sannan ga tarin fuka, alhali cututtuka biyu ne da ba su haɗa dalili ko magani ba. Asma ba ta yaɗuwa.

Mako biyu

Tarin mura yakan iya jan ƙafa har mako 3, to me ya sa aka tsayar da mako 2? Domin awon kaki abu ne mai sauƙi, sakacin barinsa kuwa gida guda yake kamawa. Duk wanda tarinsa ya kai mako 2, musamman in akwai zazzaɓin yamma, da zufa da dare, da rama, da rashin son abinci, to a gwada shi don tarin fuka. In akwai jini a kaki, ba a jiran ko kwana ɗaya.

Likita Bajamushe Robert Koch ne ya bayyana ƙwayar wannan cuta a birnin Balin ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake tunawa da ita a wannan rana kowace shekara. Duk da tsawon wannan lokaci, a 2023 mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kamu, miliyan 1 da dubu 250 suka mutu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma a jikin mafi yawansu a kwance take, ba ciwo ba yaɗawa. Biyar zuwa goma cikin ɗari ne take tasowa wa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yunwa, ciwon suga, cutar sida, taba, tsufa. Ƙurar dutse ma tana buɗe mata ƙofa, don haka samarinmu da ke dawowa da tari daga ramukan zinari, tun da aka buɗe na Jado a 2014, sun cancanci a gwada su ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma irin da ake ɗauka daga nonon shanun da ba a tafasa ba.

Ta iska take yaɗuwa, a ɗaki mai cunkoso da ba ya samun iska da rana. Ba ta bin kwano ko musafaha, ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Abin da ya sa ake ganin ta bi dangi ɗaya shi ne ɗaki ɗaya suke kwana. Mun daɗe muna ware wa majinyaci kwanonsa da moɗarsa, muna kunyata shi, sannan mu rufe taga mu kwana tare da shi. Wannan kunya ce ke sa budurwa ta ɓoye tarinta don kada aure ya fasa, matar aure ta ɓoye don kada a ce ta tafi gida, malami ya ɓoye don kada almajirai su watse, kuma duk watan da aka ɓoye wasu ake ƙara shafa wa.

Awon ba shi da wahala. Ana ba mutum ƙaramin gwangwani, ya fita fili, ya ja numfashi mai zurfi ya kakaro abin da ke ƙirji, ba miyau ba. A da madubin likita kaɗai ake dubawa da shi, wanda kan kuskure masu ƙwaya kaɗan. Tun ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda cikin kimanin awa 2 take gano ƙwayar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa babban maganin. Hoton ƙirji yana taimakawa. Ƙananan yara da ke haɗiye kakinsu ana iya gwada bayan gidansu. Za a kuma nemi a gwada sida, kuma wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne.

Maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin yaƙi da cutar na ƙasa, kuma yana warkarwa sarai. Wata 6 ake yi: wata 2 na farko da magani huɗu a haɗe, wata 4 na baya da biyu. Fitsari zai yi ja, wannan ba komai. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya tsananta, ko gani ya dushe, a koma asibiti nan da nan. Matar da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ta faɗa, domin maganin yana rage ƙarfinsu. Bayan kimanin mako 2 da fara magani mai aiki, haɗarin shafa wa wasu yana raguwa ƙwarai.

Inda ake faɗuwa shi ne wata na biyu. Tari ya tsaya, jiki ya murmure, damina ta faɗi ko tafiyar cin rani ta taso, sai mutum ya ajiye sauran ƙwayoyin. Waɗanda suka rage a huhunsa su ne mafi taurin kai, kuma in suka dawo suna iya dawowa da bijirewa. A da, mai irin wannan sai ya yi kusan shekara 2 yana magani, da allurai masu kurumtarwa. Nijar da Kamaru suna cikin ƙasashen da aka gwada gajeren tsari a cikinsu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016, sannan a 2022 ta amince da na wata 6 na haɗiya zalla. Duk da haka ya fi na farko nauyi. Mai shirin tafiya ya sanar da asibiti a ba shi takardar da zai ci gaba da karɓa a inda za shi. In azumi ya riske shi yana tsakiyar magani, sau ɗaya ake sha a yini, sai ya tambayi likita lokacin da ya dace, kuma malamanmu ba su yi saɓani ba a kan rangwamen da aka yi wa majinyaci ya sha ya rama.

Ranar da aka tabbatar wa mutum ɗaya da cutar, sauran mutanen gidan su ma su je a duba su. Allurar BCG da ake yi wa jariri a kafaɗa ko dantse ranar haihuwa tana kare shi daga munanan nau'o'in cutar, irin mai kama ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Saboda haka yaran gidan da ba su kai shekara 5 ba, ko da lafiyarsu ƙalau, akan ba su maganin kariya na wata 3 zuwa 6, kuma in ma'aikacin lafiya bai ambata ba, uba ya tambaya.